Takin Juji da Shukar Tukunya



Dattawan Kano ba su manta da jakai da mangalolinsu ba: su shigo birni da itace, su koma ƙauye da shara da toka da kashin awaki. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa takin nan yana cikin abin da ya sa ake noma gonakin duk damina ba tare da an hutar da su ba. Wannan ilimi nake so mu shigo da shi tsakar gida da baranda.

Shukar gona saiwarta yawo take yi, ta nemi ruwa da abinci inda suke. Ta tukunya kuwa, abin da aka zuba mata shi ke nan. In yashi ne, ruwa ya wuce ya bar ta. In laka ce, ta daskare, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Ruɓaɓɓen taki yana gyara duka biyun: ya riƙe wa yashi danshi, ya sassauta laka.

Amma fa na ce ruɓaɓɓe. A nan mafi yawanmu muke kuskure. Na taɓa zuba wa na'a-na'ata ɗanyen kashin kaji, ba a yi mako ba bakin ganyen ya ƙone kamar an babbaka. Gishiri da sinadarin amoniya da ke cikinsa ne suka cinye saiwar. Har yau ina tuna tukunyar nan.

Ga yadda ake haɗa ruɓaɓɓen takin. A sami lungu mai inuwa. A shimfiɗa busassun abubuwa, irin su ganyen darbejiya, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, kashi biyu ko uku. Ɗanye kuma, wato guntun alayyahu, ɓawon ayaba da kashin dabbobi, kashi ɗaya. Ban da nama da mai, su ke kiran ɓera da ƙuda. Toka barbaɗe kawai. A yayyafa ruwa yadda in kun damƙa za ku ji laima, amma ba ya ɗiga. Bayan 'yan kwanaki ku cusa hannu a tsakiya. Tulin da ya samu girma zafinsa kan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Selshiyos. Ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke aiki, zafin kuma shi ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da dama. A riƙa juyawa duk mako ko biyu. Da hunturu a rufe da tsohon buhu, don iskar nan tana busar da shi, aikin ya tsaya cik.

Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. In kuna shakka, ku shuka wake a ɗan gwangwani. Ya tsiro lafiya, taki ya nuna.

Sai a tankaɗe, a tsince gwazarma. Kada taki ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke tukunya, saura ƙasa da yashi. A huda gindin tukunyar. Duk bayan 'yan watanni a ƙara tafi guda a sama, a ɗan kauce wa jikin shukar.