Jawabi ga cibiyoyin yaƙi da jahilci: yadda ake canza batirin wutar rana

Jawabin wannan karo a kan batirin wutar rana ne, wadda ake kira sola. Malaman cibiyoyi su karanta shi sannu sannu, su tsaya inda aka yi tambaya.

Wutar rana ba baƙuwa ba ce a Nijar. Tun 1965 aka kafa ofishin ONERSOL a Yamai don binciken amfanin rana. Shehun malami Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin daga 1969 zuwa 1985. A watan Nuwamba na 2018 aka buɗe babbar tashar wutar rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7. Amma wayar NIGELEC ba ta kai kowane ƙauye ba. Ko inda ta kai, an ga duhu a 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turowa har tsawon watanni. Shi ya sa yau ana ganin faifan rana bisa ɗakuna, da shaguna, da masallatai, da rumfunan masu cajin salula, daga Illela har Birnin Ƙwanni.

Kayan sola na gida abu uku ne. Akwai faifan rana, wanda wasu ke kira fano. Shi ne gona. Akwai batir, shi ne rumbu: abin da aka samu da rana, a cikinsa ake ajiyewa don dare. Sannan akwai wani ƙaramin akwati tsakaninsu da ake kira regilater. Shi ne mai tsaron ƙofar rumbu. Ba ya barin batir ya cika har ya lalace, ba ya barin a kwashe shi ƙarƙaf.

Faifai mai kyau yana yin shekara 20 ko fiye. Batir kuwa bai da wannan tsawon rai. Zafi yana cinsa. Masana sun auna cewa batirin dalma ya fi daɗewa a wuri mai digiri 25, kuma duk ƙarin kimanin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. To, a jihar Tawa zafi yana wuce digiri 40 a watannin Afirilu da Mayu. Ke nan duk mai sola zai canza batir, ba sau ɗaya ba. A ranar canjin ne ake yawan yin hasara.

Kafin mutum ya kwance kuɗinsa, ya tabbata batirin ne ya mutu. Ƙurar hunturu tana rufe faifai, wuta ta ragu, a ɗora wa batir laifi. A goge faifan da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya ɗauki zafi. A duba kawunan batir ko sun yi farin gari, ko waya ta saki. In an yi duka wannan, rana ta wuni tana duka, amma fitila ta mutu tun kafin lisha, to batir ya gaji. In kuwa cikinsa ya kumbura, ko ya tsage, ko yana zafi yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, a daina aiki da shi a ranar.

Wajen saye ne karatu ke nuna amfaninsa. A jikin kowane batir akwai rubutu. Za a ga 12V, wato bolt 12, ƙarfin wutar ke nan. Za a ga kuma 50Ah, ko 100Ah, ko 200Ah, wato girman rumbun. Mai saye ya kwafi rubutun tsohon batir a takarda, ya tafi da ita kasuwa. Bolt ɗin sabo dole ya zama daidai da na tsoho. Girma kuma ya dace da faifan: ƙaramin faifai ba zai cika ƙaton batir ba, kuma batirin da ba ya cika ba ya daɗewa. Batirin mota yana da araha, amma an yi shi ne don ya tada inji da ƙarfi na ɗan lokaci. In ana kwashe shi kowane dare, ba ya jimawa. Akwai kuma sabon samfuri na litiyom, marar nauyi, mai daɗewa, mai tsada. Shi sai da regilater ɗin da ya dace da shi, saboda haka a tambayi mai gyara tukuna.

Inda batura biyu ke aiki tare, a canza su tare. Wanda ya haɗa sabo da tsoho ya yi kamar wanda ya ɗaura ɗan maraƙi da tsohon sa a garma ɗaya. Tsohon zai ja sabon ƙasa, a rasa duka biyun.

Yanzu ga babbar magana. Rana ba ta da makunni. Muddin haske na bisa faifai, wuta na gudu cikin waya, ko an kashe dukan fitilun gida. Faifan da aka yi don batir mai bolt 12 yana iya fitar da bolt 18 har 22 in babu abin da ke shanye wutar. Batir ne ke shanye ta. In aka cire batir da tsakar rana, aka bar faifai a haɗe, wutar tana iya ƙona regilater, ta bi ta ƙona fitilu da rediyo. Mutum ya fita sayen abu ɗaya, ya koma sayen uku. Yawancin masu wannan hasara ba ganganci suka yi ba, ba a taɓa faɗa musu ba ne.

Saboda haka aikin yana da jeri, kamar alwala: ba a fara ta daga ƙafa. Da farko a kashe duk abin da ke shan wuta, fitilu da tele da fanka da firigo, da akwatin nan mai juya wuta zuwa bolt 220 in akwai shi. Daga nan a raba faifai da regilater. A rufe faifan da bargo mai kauri, a zare wayoyinsa daga regilater, a naɗe bakin kowace waya da tef don kada su taɓa juna. Sai bayan haka a je ga batir.

A bisa batir akwai kawuna biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa (+), ɗaya yana da alamar ɗebewa (−). Alamomin nan da ake koya a darasin lissafi, su ne dai. A bisa ƙa'ida jar waya ta tarawa ce, baƙa ta ɗebewa. Amma kada a dogara da launi, don wani mai haɗawa da wayar da ya samu yake aiki. Kafin a kwance komi, a ɗaura zare ko ƙyalle a wayar tarawa. Mai salula ya ɗauki hoton haɗin. Sannan a kwance ta ɗebewa, a kawar da ita gefe, a kwance ta tarawa.

Wajen mayarwa sai a bi hanyar a juye. A ɗaura ta tarawa, a ɗaura ta ɗebewa, a matse sosai, don waya mai sakwa-sakwa tana zafi har ta narkar da roba. A duba regilater ya kama. Da yawa daga cikinsu daga batir suke gane ko gidan na bolt 12 ne ko na 24, shi ya sa batir ke rigan faifai shiga. Bayan haka a mayar da wayoyin faifai, a yaye bargo. Fitilu su ne na ƙarshe. Faifai shi ke fara fita, kuma batir ya riga shi komawa: malami ya rubuta wannan a allo, kowa ya kwafa.

Bolt 12 ba ya fizgar mutum kamar wutar NIGELEC, shi ya sa ake raina shi. Kuskure ne. In ƙarfe ya haɗa kawunan nan biyu, yana yin ja nan take. Mai aiki ya cire zobe da agogo da munduwa. Ya naɗe hannun sifanarsa da tef ko robar tayar keke. Kada ya ajiye wuƙa ko cokali bisa batir. Kuma a daina gwada batir ta hanyar goga waya a kawunansa don a ga tartsatsi. Batir mai ruwa, in yana caji, yana fitar da wata iska mai kama wuta da ake kira hidrojin. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Tartsatsi ɗaya yana iya fasa batirin a fuskar mutum. Don haka ba taba, ba ashana, ba fitilar kananzir, ba gawayin shayi kusa da wurin. In da duhu, tocila ta isa. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara. Yana da kyau a sa fiyus a wayar tarawa kusa da batir. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi ke tsinkewa kafin waya ta kama zana.

Ruwan cikin batir asid ne. Yana cin tufafi, yana cin fata, yana makantarwa. In ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta ba tsayawa, aƙalla minti 15, sannan a garzaya gidan likita. Kada a sa mai, ko nono, ko tozali. In ya zube a ƙasa, a rufe shi da toka da yashi. In ruwan batir ya ragu, da tataccen ruwa na masu batir ake ƙarawa. Ruwan rijiya yana da gishiri da ƙasa, yana kashe batir. Wanda aka rufe ruf ba shi da murfi, ba a buɗe shi sam.

Sabon batir a ɗora shi bisa katako, a inuwa, inda iska ke shiga, ba ƙarƙashin gado ba. A bar shi ya cika sosai kafin a ɗora masa kaya. Daga baya kada a riƙa shan fiye da rabinsa a dare ɗaya. Manomi ba ya cinye iri. A rubuta ranar da aka sa shi a jikinsa da fenti, a adana takardar saye.

Saura tsohon batir. Cikinsa dalma ce, kuma dalma guba ce, musamman ga yara da masu ciki. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya kasa karatu, wani ya yi ta farfaɗiya. A unguwar Caroy, bakin birnin Dakar na ƙasar Sanagal, mutane sun daɗe suna fasa tsofaffin batura don su sayar da dalmar. Ƙasar unguwar ta gurɓace. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu. A Zamfara ma, a 2010, dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake daka a gidaje ta kashe yara fiye da 400. Gubar ɗaya ce.

Saboda haka ba a fasa tsohon batir a gida. Ba a narka dalmarsa a murhun abinci. Ba a mai da kwandonsa abin ban ruwan kaji ko awaki, ba a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko cikin ƙorama. A mayar da shi yadda yake wurin mai sayar da batura. Da yawansu suna karɓa su rage kuɗin sabo, sai a tambaya tun wajen ciniki. Batir mai 100Ah yana kai kilo 30, don haka mutum biyu su ɗauke shi. A tsayar da shi a amalanke, murfi sama, nesa da buhun hatsi. Kada a aza wa yaro shi a kai. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.