Tramol a ƙofar gida: jawabi ga jama'ar Tarka



A watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS ta kama tan 17 na wiwi a Yamai. Wannan aikin hukuma ne. Amma ƙwayar tramol da ake saidawa ɗaya-ɗaya a bakin tasha, wannan tamu ce, domin mai saidawa ɗan unguwa ne, mun san ubansa.

Kada mu ɗauki sanda. Duka ba ya rufe kasuwar ƙwaya, gusar da ita yake yi zuwa wani lungu. Mu haɗu mu je wajen mai unguwa, sannan jandarma, da murya ɗaya, don kada a ware mutum guda a tsorata shi. Mai shago kuma ya san wanda yake bai wa haya.

Saura sana'a. A tabkunan Madarunfa da Gidimuni, kamun kifi yana ciyar da gidaje. Mu nemi magajin garin Tarka ya sa a zuba irin kifi cikin tabkunan da ke daɗe da ruwa bayan damina, a bai wa samari koma. Saurayin da ke sammakon duba komarsa ba ya kwana a tasha.