Asusun Yara Da Asibitin Alƙahira: Darasi Ga Muridai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai azurta bayinSa ba da lissafi ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waliyyan Allah baki ɗaya.

Bayan haka, wannan jawabi zai yi magana ne a kan wani asibiti da ke ƙasar Masar, da irin rawar da ƙananan yara suka taka wajen tsayar da shi, domin a cikin lamarin akwai tarbiyyar da shehunan ɗariƙa suka daɗe suna ɗora muridai a kanta.

A birnin Alƙahira, a unguwar Sayyida Zainab, wato unguwar da take ɗauke da sunan jikar Manzon Allah (S.A.W.) da masallacinta, akwai asibitin yara masu ciwon daji wanda aka fi sani da 57357. Wannan lamba ita ce lambar ajiyar banki da aka buɗe domin tara gudummawar gina shi, har ta zama sunansa. An buɗe asibitin ranar 7 ga watan Yuli, 2007, kuma tun daga ranar aka kafa shi a kan cewa za a yi wa yaro magani kyauta, ba tare da duban addininsa ko arzikin iyayensa ba.

Buƙatar irin wannan asibiti babba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan yara suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi waɗanda ke warkewa ba su kai kashi 30 ba. Dalilan da ke kawo wannan rata sun haɗa da jinkirin gano cutar, da tsadar magani, da yadda iyaye kan janye ɗansu daga asibiti idan aljihu ya ƙare. Sankarar jini, wadda ita ce ta fi kama yara, maganinta yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Talakan da aka bar shi da wannan nauyi shi kaɗai, sai ya sayar da gona da dabba, kuma duk da haka bai kai ƙarshen magani ba.

Mutanen Alƙahira sun san asibitin waƙafi tun da daɗewa. A shekarar 1284 Sarki Mansur Ƙalawun ya gina babban asibiti a tsakiyar birnin, ya ware masa waƙafi domin a yi wa kowa magani kyauta. Wancan aikin sarki ne mai taska. Shi kuwa na 2007 jama'a ne suka haɗa hannu suka tayar da shi, attajirai da 'yan kasuwa da ma'aikata da matan gida, kuma a cikinsu akwai 'yan makaranta. Yara sun riƙa kawo kuɗin tara da iyaye ke ba su, da barka da sallar da suka samu, wasu kuma su fasa asusunsu su miƙa abin da ke ciki. An ga makamancin haka a Lahore ta ƙasar Pakistan, inda 'yan makaranta suka shiga aikin tara kuɗin asibitin ciwon daji na Shaukat Khanum wanda aka buɗe a watan Disamba na 1994.

Mai lissafin duniya zai ce abin da ke cikin asusun yaro ba zai sayi ko allura ɗaya ta wannan ciwo ba. Shari'a tana da nata ma'aunin. A lokacin shirin yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, sahabi Abu Aƙil (R.A.) ya kawo ɗan dabinon da ya samu da guminsa, munafukai suka yi masa izgili, sai Allah Ya saukar da aya ta 79 a cikin Suratut Tauba yana zargin masu izgilin. Haka kuma Imamu Nasa'i ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa dirhami ɗaya na mai dirhami biyu yana iya tsere wa dubu ɗari na mai tarin dukiya. Abin da ake aunawa shi ne girman abin a zuciyar mai bayarwa. Yaron da ya yi wata da watanni yana jefa sulalla a asusu, yana burin keke ko takalmin salla, sannan ya miƙa su domin wani yaro da bai taɓa gani ba, ya ba da duk abin da ya mallaka.

Wannan shi ne abin da malaman tasawwufi suke kira isari, wato fifita wani a kan kai alhali ana cikin buƙata. Muridi yakan shafe shekaru yana lazimi da wazifa da hidimar shehu domin a cire masa rowar zuci da son tarawa. Yaron da aka saba masa da bayarwa tun yana ƙarami, an rage masa nisan wannan tafiya, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai sharuɗɗa uku da ya wajaba a kiyaye. Na farko, malaman fiƙihu sun tsananta a kan dukiyar yaro, musamman maraya, kuma waliyyi ba shi da ikon kyautar da ita. Abin da ake nufi a nan shi ne ɗan kuɗin kashewar da iyaye suka ba yaro, ya bayar da saninsu da yardarsu. Na biyu, babu tilas kuma babu kunyatarwa. Bai halatta a karanta sunayen masu bayarwa a gaban aji har ɗan talaka ya sunkuyar da kai ba. Na uku, amana. Wanda ya karɓi kuɗin yara ya rubuta, ya kai inda aka ce, ya kawo shaida, domin yaron da aka ci amanarsa sau ɗaya da wuya ya sake buɗe hannu.

Akwai kuma darasin ɗorewa. A ƙarshen shekarar 2022, lokacin da darajar kuɗin Masar ta faɗi kuma magunguna suka yi tsada, asibitin 57357 ya shiga ƙuncin kuɗi, har aka sake yin kira ga jama'a su kawo ɗauki. Gina asibiti aikin 'yan shekaru ne, riƙe shi kuwa aikin kullum ne, shi ya sa kaɗan mai ɗorewa ya fi mai yawa da ke yankewa.

Saboda haka ana kira ga muƙaddamai da iyaye da malaman Islamiyya su mai da wannan abu al'ada. Kowace zawiyya tana da asibiti a kusa da ita, kuma a ɗakin yara na wannan asibiti akwai uwar da aka rubuta wa magani ta rasa kuɗin saye. A samar wa kowane yaro asusu na biyu, na sadaka, ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa ranar Juma'a. Idan lokacin Maulidi ya zagayo, a fasa a gaban amintattu, a biya kuɗin maganin marasa ƙarfi, a sanar da yaran abin da kuɗinsu ya yi.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya yi wa zuriya albarka, Ya saka wa shehunai da alheri, Ya karɓi wannan taro, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W.). Amin.