Abin Da Giya Take Yi Cikin Jikin Mutum: Jawabi Ga Dattawa Da Membobi



Yanzu kaka ce. Daga Funtua har Malumfashi an fara shigar da masara da dawa, kuɗin auduga kuma yana hanya. Mun sani a irin wannan lokaci ne tukunyar burkutu take yawan hawa murhu. Tun da aka kafa shari'a a Jihar Katsina a shekarar 2000 shan ya koma bayan gida, amma hantar mai sha ba ta huta ba. Mun sha yin wa'azi cewa buguwa zunubi ce. Yau so muke mu bi giyar daga baki har inda take ƙarewa.

Giya ba ta jiran narkewa kamar tuwo. Kaɗan daga cikinta yana shiga jini tun daga tumbi, mafi yawa kuwa ta ƙaramin hanji, cikin 'yan mintoci ta kai ƙwaƙwalwa. In cikin mutum ba abinci, kamar wanda ya wuni a gayya aka miƙa masa ƙwarya, shigarta ya fi sauri. Abin da take fara kashewa shi ne hankali da kunya, shi ya sa baki yake sakewa. Sai ta taɓa ido da ƙafa, in ta yi yawa ta danne numfashi. Ɗan acaɓa da ya sha ya hau hanyar Zariya yana jin ƙarfi a ransa, alhali hannunsa ya riga ya makara wajen kama burki.

Hanta ce take ɗaukar kusan kashi 90 cikin 100 na aikin kawar da giya. Tana fara juya ta zuwa wata guba, sa'an nan ta juya gubar zuwa abin da jiki zai iya zubarwa. Aikin nan ba ya gaggawa: wajen giram 10 take iya sarrafawa cikin awa guda, wato ƙasa da rabin babbar kwalba. Goro, shayi mai zafi, ko wanka da ruwan sanyi ba sa ƙara mata sauri. Giya kuma tana sa ƙoda ta zubar da ruwa, don haka mai sha a rana ƙishirwa yake saya.

A nan ne ya kamata mu manoma mu kasa kunne. Hantarmu tana da waɗansu magabta biyu: ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasarmu, da gubar fumfunar da take kama masara da gyaɗa in ba su bushe sosai ba. In aka ƙara giya, an tara wa jaki ɗaya kaya uku. Da fari hanta takan yi kitse, sai ta kumbura, daga baya ta ƙandare. Kitsen yana iya washewa in an daina sha, amma hantar da ta ƙandare da wuya ta koma daidai.

Ogogoro da giyar leda sun ninka burkutu ƙarfi sau da yawa, wani lokaci har da guba a ciki. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai gubar metanol. Haɗa giya da tiramadol yana iya tsayar da numfashi. Mace mai ciki in ta sha, jaririnta ma ya sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 giya ta jawo mutuwar mutum miliyan 2.6.

Dattawa, ga roƙonmu. Wanda ya bugu har ya faɗi, ku kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, kada a bar shi shi kaɗai. Wanda ya yi shekaru yana sha kullum, in ya yanke farat ɗaya yana iya kamuwa da rawar jiki ko farfaɗiya, sai ku raka shi asibiti. Horon ikkilisiya yana da wurinsa, amma ɗan'uwan da aka dakatar, a riƙa ziyartarsa, a kuma duba ko matarsa da 'ya'yansa suna da hatsi a rumbu.

Jikin nan amana ce a hannunmu. Ubangiji ya ba mu ikon riƙe ta. Amin.