Gilisarin da ƙarfen da ke yi mata dillanci

Darasinmu na yau a kan gilisarin ne. A kawo alli da allo kusa, don akwai lissafi a gaba.

Kowa ya san gilisarin, wadda mata ke saye a kasuwa lokacin ɗari, a shafa wa yara don kada ƙafa ta yi faso. To, daga ina take fitowa? Daga mai take fitowa: man gyaɗa, man ja, man kaɗanya, har da kitsen dabba. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, mai suna Scheele, shi ya fara fitar da ita daga man zaitun a shekara ta 1779.

A yau ƙasashe da yawa suna juya man tsirrai ya zama gazuwal na mota. Duk kilo 100 na wannan gazuwal da aka yi, sai gilisarin wajen kilo 10 ta ragu a gefe. Ta yi yawa, ga ta da datti, kuɗinta ya faɗi. Sai masana suka ce: me za a yi da wannan saura?

Amsar da suka samu ita ce a fitar da wata iska daga cikinta, wadda ake kira haidurojin. Iska ce marar launi, marar wari, babu abin da ya kai ta rashin nauyi. In ta ƙone, ruwa take bari, ba hayaƙi ba. Manoma, ku saurara da kyau: da wannan iska ake yin takin zamani na ure, wanda ƙasarmu ke sayowa daga waje da tsada. Babbar masana'antar ure da aka buɗe a Legas a 2022 daga gas na ƙarƙashin ƙasa take samun tata haidurojin.

Ga yadda ake aikin. Ana gauraya gilisarin da ruwa, a dafa su har su zama tururi. Sai a tura tururin cikin bututu mai zafin digiri 500 zuwa 700. Ku tuna, a digiri 100 ruwa ke tafasa. Amma zafi kaɗai ba ya isa. Sai an zuba garin wani ƙarfe a cikin bututun.

Aikin ƙarfen nan irin na dillali ne. Dillali ba shi da saniya, ba shi ne mai saye ba, amma in babu shi ciniki sai ya daɗe bai faɗa ba. Haka ƙarfen yake haɗa gilisarin da tururi a bisa jikinsa, su rabu su zama iska, shi kuwa yana nan bai ragu ba. Masana suna kiransa katalis.

Yanzu ku rubuta. Gilisarin kilo 92, ruwa kilo 54. Ku haɗa: 146. In aiki ya yi kyau sarai, za a samu haidurojin kilo 14, da iskar kabon irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, kilo 132. Ku haɗa 14 da 132. Kun ga 146 ce ta dawo. Ba abin da ya ɓata.

Wane ƙarfe ne ya fi? Akwai filatinom, da rodiyom, da rutiniyom. Suna aiki sosai, suna daɗewa, amma tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. Akwai kuma nikel, mai araha. Tun 1897 wani Bafaranshe, Paul Sabatier, ya nuna gwanintar nikel wajen irin wannan dillanci. Sai dai nikel yana da ciwo guda: baƙi yana taruwa a kansa kamar kunkunniya a rufin madafa. In baƙin ya rufe shi, tururi ba ya taɓa shi, aiki ya tsaya. Maganin da ake gwadawa shi ne a ƙara yawan tururi, a niƙa nikel ya yi laushi ƙwarai, a shimfiɗa shi bisa wani farin gari mai suna alumina, a sa masa ɗan seriyom ko magineziyom. Har yanzu yawancin wannan aiki a ɗakunan bincike yake.

Mu a Nijar, abu biyu ya kamata mu riƙe. Na ɗaya, man gyaɗa abinci ne, bai kamata a raba shi da tukunya don mota ba. Ƴaƴan cinidazugu da na dogon yaro suna da mai, kuma ba a miya da shi. Na biyu, bututun nan zafi yake ci, mu kuwa Allah ya ba mu rana. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun daga 1969, yana binciken yadda za a tara zafinta a yi aiki da shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku bar yaranku, mata da maza, su yi nisa a karatun kimiyya, don wannan aiki su yake jira.

Malamai, a sake lissafin 146 tare da ɗalibai kafin a tashi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.