Sababbin Ma'aikatan Jinya a Sashen Kulawa ta Musamman



Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, amma abin ya shigo har gidanmu. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, ƙanwata wata biyu kacal da kama aikin jinya aka tura ta sashen kulawa ta musamman, aikin dare. Da safe ta dawo tana kuka. Na'urar taimakon numfashi ta yi ta ƙara, ba ta san abin da take nufi ba, babbar sista kuwa tana kan wani majinyaci. Allah ya kiyaye, mutumin ya rayu.

Ba laifinta ba ne. Shekara 3 a makarantar jinya, ko 5 a jami'a, tushe ne kawai. Sarrafa wannan na'ura da karanta bugun zuciya a allo sai da ƙarin horo, irin wanda ake bayarwa a asibitocin koyarwa na Jos da Gwagwalada.

Roƙona, ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin ko da mutum biyu cikin ƙannenmu ma'aikatan jinya kowace shekara, su je wannan kwas. Ga ma'aji nan zaune, ya ji ni.