Zama A Jiharmu Ko Ƙaura Zuwa Wata: Da Wane Ma'auni Za Mu Auna?

 Ya ku 'yan'uwa, tambayar da matasa suka fi kawo mana a 'yan shekarun nan ita ce: mutum ya yi haƙuri ya zauna a jiharsa, ko kuwa ya ɗaure kayansa ya nufi Legas ko Abuja ko Fatakwal? Wasu suna so mu ce zama a gida shi ne kishi, wasu kuma suna so mu sanya wa tafiyarsu sunan hijira. Dukkan maganganun biyu suna buƙatar gyara.

Mu fara da ita kanta jihar. Mutumin da aka haifa a Gusau a 1960 ya buɗe ido ne a Lardin Sakkwato na tsohuwar Jihar Arewa. A 1967, da aka yanka ƙasar nan jihohi 12, ya zama ɗan Jihar Arewa Maso Yamma. A 1976 ya wayi gari ɗan Jihar Sakkwato, a 1996 kuma aka ce masa shi ɗan Zamfara ne. Jihohi huɗu ke nan, alhali bai gusa daga zauren mahaifinsa ba. Iyakar da soja suka ja da alƙalami ba za ta zama ma'aunin mumini ba. Son mahaifa dai ɗabi'a ce, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana baƙin cikinsa ranar da ya bar Makka, amma duk da haka ya bar ta. Imam Malik ya yi rayuwarsa a Madina har ya rasu a 179 bayan Hijira. Ɗalibinsa Imam Shafi'i kuwa an haife shi a Gazza, ya tashi a Makka, ya yi karatu a Madina da Iraƙi, ya rasu a Masar a 204. Babu malamin da ya taɓa aibata ɗayansu saboda zama ko saboda tafiya.

Sai dai kada a wulaƙanta kalmar hijira. Fitar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804 gudu ne da addini, kuma a kan wannan mas'ala ya rubuta Bayanu Wujubil Hijra a 1806. Wanda ya tafi kasuwar Mile 12 sayar da tumatir neman halali ya tafi, kuma wannan suna ya ishe shi daraja. Su kuwa mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora, ba su cikin wannan muhawara, domin tsare rai wajibi ne.

Fa'idar tafiya ba ta ɓuya ga Bahaushe. Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja har Salaga suna ɗauko goro. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta, kuma cinikin shanu da goro ya gina gidaje da masallatai a can da nan gida. Har yau akwai ƙauyukan da ba a ɗora tukunya da rani sai da kuɗin da 'yan ci-rani suka aiko. Saurayin da gonar gado ta yi masa kaɗan bayan an raba ta tsakanin 'yan'uwa goma, idan muka ce masa ya zauna, zaman kashe wando muka umurce shi da shi, kuma kowa ya san abin da zaman majalisa ke haifarwa.

Amma akwai farashin da mai tafiya ba ya gani sai ya tara iyali. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda ya so. To amma ranar da ɗanka zai nemi tallafin karatu, ko aikin gwamnati, ko shiga soja, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma za a tambaye shi. Yaron da aka haifa a Agege, wanda Yarabanci ya zauna a bakinsa, sai a ce ya koma garin kakansa ya karɓo ta. Ya je can kuma a ce ba a san shi ba. Wannan rabe-rabe na ɗan ƙasa da baƙo yana cikin tushen jinin da aka zubar a Jos a 2001 da 2008, kuma a Fabrairun 2021 'yan kasuwar Shasha a Ibadan sun ga yadda dukiyar shekaru take zama toka a yini guda. Ko babu rikici, doka ɗaya tana iya yanke abincin baƙo, kamar yadda hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin Legas a Yunin 2022 ya yi wa dubban matasanmu.

Abin da ya fi damun mu kuwa shi ne haƙƙoƙin da ake bari a baya. Wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah (S.A.W.) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, sannan ya mayar da shi gare su. In jihadi ke nan, ina ga sayar da rake? An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya iyakance wa mayaƙa watannin da za su yi ba tare da komawa ga matansu ba. Mu kuwa a yau mutum zai yi aure, bayan wata biyu ya tafi, ba a sake ganinsa sai Sallah ta zagayo. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya ƙara nisanta shi, sai a wuce Sallah biyu. Matar tana nan, ba sakakkiya ba, ba mai miji ba. 'Ya'ya suna tashi babu mai tsawata musu. Kuɗin da ake turowa ta waya ba ya sauke wannan nauyi.

Ga masu ilimi kuma akwai wata magana dabam. Likita ko malamin makaranta da ya bar ƙaramar hukumar da babu wani irinsa, ya koma inda irinsa suka yi yawa, ya duba ko bai bar farilla ta kifaya ta faɗi a bayansa ba. Ba mu ce ya zauna da yunwa ba, kuma laifin gwamnatin da ke riƙe albashi yana wuyanta. Amma wannan lissafi ne da ya kamata ya shiga ma'auninsa kafin ya sa hannu a takardar barin aiki.

Sannan mu dubi kanmu. Muna kuka da abin da ake yi mana a Kudu, alhali a wasu jihohinmu Musulmi ɗan'uwanmu daga jihar da ke maƙwabtaka da mu ba ya samun aiki sai na kwantiragi, don kawai kakansa ba nan aka binne shi ba. Mutanen Madina sun raba gidajensu da dukiyarsu da Muhajirai, har Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya gode wa ɗan'uwansa ya roƙi a nuna masa kasuwa kawai. Wanda ke da hannu a ɗaukar ma'aikata daga cikinku ya tuna da wannan.

Saboda haka duk wanda ya zo mana da wannan tambaya, ba sunan jiha za mu tambaye shi ba. Za mu tambaye shi ko iyayensa sun yarda, da wanda zai kula da su. Za mu tambaye shi ko zai tafi da iyalinsa, in kuwa ba zai iya ba, bayan wata nawa zai riƙa dawowa. Za mu so mu ji sana'ar da zai tarar, da masallaci da Islamiyyar da ke kusa da masaukinsa. Waɗanda kuma suka riga suka zauna a can, muna roƙonsu su riƙa kawo 'ya'yansu gida lokacin hutu, su gabatar da su ga dangi da mai unguwa, su karɓar musu takardar asali tun dattawan da suka san kakanninsu suna raye.